Ɗan Daudun Da Ke Cikin Littattafanmu Na Kisa Da Bincike

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da marubutanmu na ƙagaggun labarai, musamman masu rubuta labaran kisa da bincike waɗanda ke haɗa tashin hankali da ban dariya. Na san maganar da zan ɗauko ba ta da farin jini, don haka bari in faɗi matsayina tun kafin wani ya faɗa mini shi. Ni Musulmi ne, na san abin da malamai suka karantar game da luwaɗi da maɗigo, kuma ban zo neman a sake fatawa ba. Sana'ata buga rubutu a kwamfuta. Ina da ɗan shago a nan cikin birnin Katsina inda ɗalibai ke kawo aikin kammala karatu, marubuta kuma su kawo labaransu a rubuce da biro, ko su turo ta WhatsApp, in buga, in gyara ƙa'idar rubutu, in tsara shafuka. A kan abin da ke bi ta hannuna zan yi magana.

Akwai wani mutum guda da yake zuwa shagona cikin littattafai daban-daban, na marubuta daban-daban da ba su ma san juna ba. Sunansa kan canza, amma shi ne dai. Yana shigowa labari da zani a ƙirji, yana karairaya, yana tafa hannu, ya ce "ni 'yasu", ya saki habaici ɗaya, ɗan sanda ya daka masa tsawa, ya ruga da gudu takalminsa ya cire. An gama da shi ke nan, an yi dariya, a koma kan labari. Idan kuma marubucin ya ga dama ya tsawaita masa rai, to shi ne kawalin da ya kai yarinyar gidan da aka kashe ta. Ɗan'uwansa shi ne Alhajin nan ɗan luwaɗi, mai ƙiba da zobba a yatsu, mai yawan turare, wanda ke tsayar da mota a ƙofar makaranta. 'Yar'uwarsu kuma ita ce Hajiya mai zuwa Dubai, wadda mijinta ba ya zama, take jan 'yan mata da leshi da waya. Mutum uku ke nan, kuma a cikin duk abin da nake bugawa ban ga na huɗu ba.

Wani zai ce ai irin waɗannan suna nan a gari. Ban musa ba. Ƙorafina shi ne marubucin da ke yin haka yana kashe labarinsa da hannunsa. Labarin bincike gaba ɗayansa a kan rashin sani yake tsaye. Mai karatu ya ƙi barci ne saboda bai san wa ya yi kisan ba, kuma kowa a cikin littafin yana iya zama shi ne. To idan tun a shafi na goma ka shigo da mai zobba da turare, ka riga ka rubuta masa "mugu" a goshi. Matar da ke karantawa a waya tana jiran tuwo ya nuna ta riga ta san ƙarshe. Haka nan idan ɗan daudu ya shigo, ta san ba abin da zai faɗa da za a riƙe, sai ta tsallake shafin. Marubuci ya yi asarar mutum biyu da zai iya ɓoye gaskiyar labarinsa a cikinsu. Na taɓa faɗa wa wani yaro haka da ya zo karɓar aikinsa, ya ce, "Baba, ai masu karatu haka suke so." Na ce masa masu karatu ba a taɓa ba su wani abu daban ba, balle a san abin da suke so.

Abin da ya ƙara ba ni haushi shi ne Katsina ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933, aka buga shi a 1934. Duk wanda ya karanta ya san Malam Zurƙe ɗan Muhamman. Mayaudari ne, maƙaryaci, shi da Alhaji, gwarzon labarin, suna ƙulla wa juna sharri daga wannan gari zuwa wancan, wani sharrin ma da a gaske ne da sai an zubar da hawaye, amma muna dariya. Me ya sa Zurƙe bai mutu a zukatan mutane ba har yau? Saboda yana da wayo, kuma ba ka san ta inda zai ɓullo ba. Imam bai raina shi ba, ya ba shi ƙwaƙwalwa daidai da ta gwarzon labarin. Bayan kusan shekara hamsin, a 1982, Bature Gagare, shi ma ɗan Katsina, ya fito da Ƙarshen Alewa Ƙasa, labarin Mailoma da bindigogi da miyagun ƙwayoyi. Mailoma mugu ne, amma an nuna mana inda ya fito da abin da ya mayar da shi haka, shi ya sa ake tsoronsa tsoro na gaske. Ashe tun kakanninmu a rubutu mun san yadda ake gina mutumin da ba mu yarda da halinsa ba, ba tare da an mayar da shi hoton kwali ba. Sai da aka zo kan ɗan daudu da ɗan luwaɗi hannu ya mutu.

Ba mu kaɗai wannan cuta ta kama ba. Turawa sun daɗe a cikinta. A littafin The Maltese Falcon na Dashiell Hammett, na 1930, akwai wani ɗan damfara Joel Cairo wanda aka siffanta da ƙamshi da yauƙi da kayan ƙawa, don mai karatu ya gane ko wane iri ne. Da aka mayar da littafin fim a 1941, dokar tace fina-finai ta Amurka, wadda aka tsaurara daga 1934 har zuwa 1968, ta hana a ambaci abin da baki, sai aka bar wa turare aikin. Katin sunansa ma ƙamshin fure yake yi. Alhajinmu mai zobba jikan wannan mutumin ne, ko da marubutanmu ba su taɓa jin sunansa ba. Abin da ya karya wannan al'ada a can shi ne wani marubuci Joseph Hansen, wanda a 1970 ya fito da Dave Brandstetter, mai binciken kamfanin inshora a Kalifoniya, wanda aikinsa shi ne tabbatar da yadda mutum ya mutu kafin a biya magada. Brandstetter mai neman maza ne, kuma littafin bai ɓoye ba. An fara labarin yana cikin jimamin abokin zamansa na shekara ashirin da ciwon daji ya kashe. Amma abin da ke riƙe mai karatu shi ne mutumin ya iya aikinsa: ya san yadda ake karanta takardar inshora, ya san wanda ke masa ƙarya, yana da haƙuri da taurin kai. Hansen ya rubuta littattafai 12 a kansa, na ƙarshe a 1991. A ɓangaren ban dariya kuma akwai fim ɗin Kiss Kiss Bang Bang na 2005, inda aka juya abin gaba ɗaya. Mai binciken, wanda kowa ya san mai neman maza ne, shi ne mai hankali, mai iya bindiga, mai kaifin baki, shi kuwa gwarzon labarin shi ne wawan da ke ta ɓata aiki, gawa tana bin sa ɗaki-ɗaki. Ana dariya tun daga farko har ƙarshe, amma ba da tafiyar mai binciken ko muryarsa ake yin ta ba.

Ban kawo waɗannan don in ce mu kwafo Kalifoniya mu dasa a Ƙofar Ƙaura ba. Rayuwarsu daban, dokarsu daban. Mu namu kayan aikin ma ya fi nasu yawa, ba mu dai duba ba ne.

Duk wanda ya taso a garin nan ya san 'yan daudu na gaske, ko ya yarda ko ya ƙi. Su ne a bakin tasha suna suyar kaji da dafa shinkafa tun kafin direbobi su tashi. Su ake kira aikin girkin biki idan tukwane sun fi ƙarfin matan gida. Na san wani, Allah ya ji ƙansa, da ya yi shekaru yana sayar da abinci kusa da inda motocin Jibiya ke lodi. Bai yi boko ba, amma bashin kowane direba da kwandasta yana cikin kansa, har da ranar da aka ci. Yana da mata da 'ya'ya a ƙauye, shi ya aurar da ƙannensa, ya biya wa mahaifiyarsa Makka. Ba ya barin sallah ta wuce shi. Idan ya yi fushi kuma bakinsa ya fi wuƙar da yake yanka kaji da ita. Ya san wace mota ce ke tafiya da dare ba fitila, ya san wane jami'i ne ke cin abinci ba ya biya da dalilin da ya sa ba a tambayarsa. Ban san abin da yake yi a ɓoye ba, ban kuma tambaya ba, domin daudanci daban, luwaɗi daban. Akwai ɗan daudun da iyakarsa murhu da magana irin ta mata, akwai kuma mai wancan hali da ba za ka taɓa gane shi ba, yana sahun gaba da babbar riga. Wani Ba'amurke mai nazarin harshe, Rudolf Gaudio, ya zauna da 'yan daudu a Kano ya rubuta littafi a kansu a 2009, ya kira shi Allah Made Us, wato Allah ne ya yi mu, kuma ya nuna irin gwanintarsu a karin magana da habaici da zaurancen da suke yi a tsakaninsu. Baƙo ya zo daga wata duniya ya saurare su, marubucin da ke cin abincinsu kullum bai taɓa tsayawa ya ji yadda suke magana ba, sai "ni 'yasu" kawai ya riƙe.

Yanzu a duba wannan mutum da idon mai rubuta labarin bincike. Yana zaune inda kowa ke wucewa. Yana shiga cikin mata, yana zama cikin maza. Manyan mutane suna magana a gabansa ba sa rage murya, don ba su ɗauke shi mutum ba. Yana riƙe da asirin rabin unguwa, shi kuma asirinsa yana hannun wasu. Ba zai iya zuwa ofishin 'yan sanda ya ba da shaida hankali kwance ba, don ya san tambayar za ta iya juyowa kansa. A ina marubuci zai samu wanda ya fi wannan dacewa da labarin kisa?

Maganar tsoron hukuma ba ƙirƙira ba ce. Ban da dokokin shari'ar Musulunci da jihohi 12 na Arewa, har da tamu, suka ƙaddamar a farkon shekarun 2000, akwai dokar tarayya ta hana auren jinsi da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014, mai ɗaurin shekara 14 ga masu auren, da shekara 10 ga masu kafa ƙungiya ko mara mata baya. Ko mutum yana goyon bayan dokar ko ba ya yi, marubuci dole ya san abin da ke biyo bayan irin wannan: duk inda asiri ya zama mai kai mutum kurkuku, to asirin ya zama haja, akwai mai saye akwai mai sayarwa. A Ingila dokar 1885 da ta haramta wannan hali har laƙabi aka yi mata da lasisin masu karɓar kuɗin rufin asiri, kuma a 1961, shekara shida kafin a sassauta ta a 1967, an yi fim ɗin bincike mai suna Victim a kan lauyan da irin waɗannan mutane suka sa a gaba. A nan ma wa bai taɓa jin labarin wanda aka yaudara ta waya, aka ɗauki hotonsa, aka yi ta tatsar sa har ya sayar da fili ba? Wani lokacin ma wanda aka tatsa bai aikata komai ba, ƙazafin kaɗai ya isa ya rusa shi. Wannan shi ne ainihin abin da labarin tashin hankali ke ci: mutumin da ba zai iya kai ƙara ba, da mugun da ya san haka. Marubutanmu suna ta ƙirƙiro ƙungiyoyin asiri masu shan jini a ƙarƙashin ƙasa, ga abin tsoro nan a cikin wayar da ke aljihunsu.

Sai maganar dariya. Barkwanci mai ɗaci, irin wanda za ka yi dariya sannan ka ji kunyar kanka, ba daga karairaya yake fitowa ba. Yana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin abin da mutane ke faɗa da abin da suke yi. Bari in ba da misali da labarin da na daɗe ina juyawa a raina, ni da ba marubuci ba. A ce lokacin da aka rufe iyakoki ne, tsakanin Agustan 2019 da Disamban 2020, shinkafar waje ta zama zinariya a hanyar Jibiya. Wani babban Alhaji, mai gina masallatai, wanda kowa ya san da hannunsa a fasa-ƙwauri amma ba mai faɗa, ya zo da tsakar dare ɗakin da ke bayan rumfar wani ɗan daudu mai abinci. Me ya kawo shi? Marubuci ya bar mu cikin zargi har kusan ƙarshe. Wataƙila abin da muke zato ne, wataƙila kuɗi yake ajiyewa a can don nan ne wurin da ba wanda zai taɓa tunanin nema. Ya ci kaza, ya dafe ƙirji, ya faɗi. Yanzu ga mai abinci da gawar mutumin da ya fi kowa daraja a unguwa, ga asuba tana matsowa. In ya kira hukuma ya shiga uku. In ya kira iyalin, babban ɗan zai fi son a ce mai abincin ne ya kashe shi da a ce a ɗakinsa ya mutu. Dole gawa ta koma gida, a same ta a kan buzun sallah. Motar da ke akwai kuwa ita ce ta shinkafar Alhajin, kuma akwai shingen jami'ai a hanya, waɗanda suka saba karɓar nasu a kan kowane buhu, suna ƙirgawa. A daren nan buhu ɗaya ya ƙaru.

Washegari a wurin zaman makoki ana ta faɗin kyakkyawan ƙarshen da Alhaji ya yi, wai an same shi da carbi a hannu. Wa aka kira ya dafa abincin sadakar uku? Mai abincin. Yana tsaye a bakin murhu yana jin waɗanda suka taya shi ɗaukar gawa suna ba da shaidar yadda suka ga haske a fuskar mamaci. Sai kuma likita ya ce ba ciwon zuciya ba ne, guba ce, kuma ba a kazar take ba.

A irin wannan labari mai abincin ba waliyyi ba ne. Yana iya zama mai son kuɗi, ya zare wani abu daga aljihun mamacin kafin a ɗauke shi. Yana iya yin ƙarya, ya ci amanar yaronsa don ya tsira. Wannan ma wani tarko ne da ya kamata a guje wa, wato a ce tunda an daɗe ana zaluntarsa a littafi to yanzu sai a wanke shi tas ya zama mai haƙuri da hawaye. Wancan hoton kwali ne, wannan ma haka. Abin da nake nema shi ne ya zama yana son wani abu, yana tsoron wani abu, ya iya wani abu da sauran ba su iya ba, kuma kada in san abin da zai yi a shafi na gaba.

Na san abin da za a ce: rubuta irin wannan mutum da rai da hankali tallata halinsa ne. To mun rubuta Mailoma, ba mu tallata fashi ba. Kullum ana rubuta matsafa da masu garkuwa da mutane da kishiyoyi masu zuba guba, ana ba su wayo da dalili, ba wanda ya ce an halatta. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya fito a ɗan daudu a fim, gari ya yi ta dariya, a lokacin ba a ce ya tallata ba, saboda dariyar a kan ɗan daudun take. Ashe abin da ake ƙi shi ne a nuna shi yana da hankali. Na kuma san hukumar tace fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001 kuma take duba littattafai, ta sanar da hana fina-finan daba da daudu a 2024, ba a kuma manta da littattafan da aka ƙona a Kano a 2007 ba. Marubucin da ke son littafinsa ya shiga kasuwar Kano dole ya yi lissafi, ban ga laifinsa ba. Amma labarin da na zayyana a sama babu batsa ko layi ɗaya a cikinsa. Batsar tana can cikin littattafan da ake sayarwa a rukunonin WhatsApp, inda ake baje maɗigo babi bayan babi don a ja masu biya, sannan a shafin ƙarshe a liƙa ayar tuba a ce faɗakarwa ce. Irin waɗannan an sha turo mini in gyara, ina mayarwa. Ba ruwansu da 'yan maɗigo a matsayin mutane, jikinsu kawai suke sayarwa.

Idan akwai marubuci a Katsina ko Daura ko Funtuwa da ke son labarin Alhaji da buhun shinkafa, na bar masa, ba na neman ko sisi, in ya kawo ma zan buga masa a rangwame. Sharaɗina ɗaya ne. Duk ɗan daudun da ya kai babin ƙarshe a littattafan da nake bugawa, ko dai wata cuta ta kwantar da shi ya mutu yana nadama, ko mota ta bi ta kansa, ko a wayi gari ya tsayar da gemu ya koma sayar da turare a ƙofar masallaci cikin sakin layi ɗaya. Mai abincin labarina kuwa a bar shi da rai, a bakin murhunsa, yana bin babban ɗan Alhaji kuɗin girkin sadakar uku da har yau ba a biya shi ba.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai buga rubutu a kwamfuta,
Birnin Katsina.